Darasi na 14: Karatun Tambarin Soja

Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Kambole, ya bi ta Camba ya faɗa Sokode, sannan ya miƙi babbar hanya ya yi arewa ta Bafilo da Kara da Mango har Dapaong, ya san ba a gama wannan tafiya sai an tsaya a shinge. Direba ya rage gudu, a kashe rediyo, wani mai kaki ya leƙo ta taga ya ce a fito da takardu. A wannan lokaci yawancinmu ƙasa muke kallo. Shi ya karanta katinmu, ya san sunanmu da garinmu da shekarar da aka haife mu, mu kuwa iyakar saninmu a kansa shi ne soja ne. Alhali shi ma nasa katin yana nan a fili, a hularsa da kafaɗarsa da ƙirjinsa da hannun rigarsa. Da launi da hoto da 'yan guntayen ƙarfe aka rubuta shi, domin mai karatu da wanda bai yi ba duk su gane.

Wannan karatu za mu koya yau. A hanya kuma za mu tarar da harshenmu na Hausa a inda da yawa daga cikinmu ba su taɓa zaton yana nan ba.

Karatun da muka zo da shi daga gida

Iyayena da 'yan uwana, kada kowa a ajin nan ya ce bana ya fara karatu. Dillali a kasuwar shanu yakan dubi shaidar da aka yi wa sa a cinya ya faɗi garken da ya fito. Tsohuwa takan kalli zanen fuskar baƙo ta ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, tun bai buɗe baki ba. A ƙasar Hausa in ka hangi rawani mai kunne biyu ka san jinin sarauta ne, in ka ga babbar riga ja da kore ka san dogari ne, sarki na tafe. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

Kalmar tambari kanta daga fada ta fito. Asalinsa ganga ce ta sarauta, ba a kaɗa shi don attajiri komai dukiyarsa, sai don sarki. Da zamani ya zo da takardu da hatimi, sai aka ari sunan aka ba alamar hukuma. Aron ya dace, domin gangar da alamar saƙo ɗaya suke kaiwa: mai iko yana nan, kuma wannan abu nasa ne.

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku, za mu yi ta cin karo da su: tambari, tuta, baje, kirari, igiya, anini, lambar girma.

Me ya kawo alama fagen fama?

Ƙura ce ta kawo ta. Barde ya sa sulke, ya ɗora lifidi a kansa da dokinsa, ya kifa kwalkwali, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi daga nesa ba. In dawaki ɗari biyar suka yi karo da wasu ɗari biyar, dole a sami abin da za a ɗaga sama, wanda ya ɓace ya hango ya koma ga mutanensa. Amfanin tuta na farko ke nan. Na biyu ya fi shi nauyi. Bayan an fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa ba malamai tuta su koma ƙasashensu: Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, Yakubu a Bauci, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina. Ƙyallen ba wani abin a zo a gani ba ne, amma wanda ya riƙe shi yana nuna cewa da izini ya fito, kuma akwai wanda zai tambaye shi abin da ya aikata. Ku riƙe wannan magana, ita ce gindin darasin nan duka.

A nan ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne. Mahayan Kotokoli da ake kira Semasi, waɗanda suka yi wa Uro Jobo Bukari na Paratawo yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, sunansu bai mutu ba. Ƙungiyar ƙwallon Sokode shi take amsawa, kuma duk shekara a bikin Adosa ana fitowa da dawaki da wuƙaƙe da rigunan layu irin na mazan jiya. Garin Mango kuwa cikakken sunansa a tsofaffin taswirori Sansane-Mango, wato sansanin yaƙi, kalmarmu ce ta Hausa ta maƙale masa.

Turawa su ma wannan matsala ta ƙura da kwalkwali ce ta sa a ƙarni na 12 jarumansu suka fara zana zaki ko gaggafa ko gicciye a garkuwa. Sai dai su sun mayar da abin fanni mai dokoki, ɗa ya gaji zanen ubansa, har aka kafa ofishin rajistar tambura a Landan a 1484, wanda yake aiki har gobe. Ɗaya daga cikin dokokinsu tana da amfani ga duk mai ɗinki ko mai rini. Sun kasa launuka gida biyu: fari da rawaya, waɗanda suke kira azurfa da zinariya, a gefe guda, ja da baƙi da shuɗi da kore a ɗaya gefen. Dokar ta ce a ɗora mai haske a kan mai duhu, ko mai duhu a kan mai haske. Baƙin zaki a kan shuɗiyar garkuwa ba mai hango shi sai ya zo gab da bakin mashi.

Mu gwada da tambarin Togo

Ku fito da katin shaidarku ko wata takardar hukuma. Mai karatun tambari yana farawa ne da siffa, ya bi da launi, ya dubi abin da aka zana, ya ƙare da rubutu.

Siffarsa kamar ƙwai, cikinsa fari, an kewaye shi da kore. A tsakiya ga baƙaƙen haruffa biyu, R da T, a kan rawaya, farkon sunan Jamhuriyar Togo da Faransanci. A sama tutoci biyu na ƙasa, irin wadda mai zane Paul Ahyi ya tsara, aka ɗaga ta ran 27 ga Afrilu 1960. A ƙasa jajayen zakoki biyu a tsaye, kowanne riƙe da baka da kibiya. Kun ga dokar launin nan ta yi aiki: ja a kan fari, baƙi a kan rawaya.

Yanzu ku lura da abin da ido mai gaggawa yake tsallakewa. Zakokin ba juna suke kallo ba, baya suka ba juna. Kundin tsarin mulki na 1992 ya yi bayanin cewa tsayuwar tasu tana nufin tsaron 'yancin ƙasa daga gabas har yamma, bakan da kibiyar kuma suna nuna cewa ƙarfin mutanen Togo yana hannunsu da al'adunsu. A 1962 aka amince da wannan tambari, a lokacin da ƙasashe ke alfahari da igwa da jiragen yaƙi, amma aka zaɓi makamin manomi da maharbi. A ganina zaɓin ya yi kyau. Rubutun da ke sama kalmomi uku ne, Travail, Liberté, Patrie, wato aiki, 'yanci, ƙasar haihuwa. An taɓa sauya su da wasu a zamanin jam'iyya ɗaya, kundin 1992 ya maido da su. Ashe tambari ma yana da tarihin hawa da sauka kamar mutum.

Mu da ke Kambole iyakar Benin na kusa da mu, sai ku kwatanta. Nasu damisa biyu ne suka riƙe garkuwa, a cikinta akwai gidan Somba da bishiyar kwakwa da jirgin ruwa. Na Nijar akwai rana da mashi da takubba biyu da zangarniyar gero uku da kan sa.

Jar dara ɗaya, tambari uku

Yanzu mun zo inda maganar ta shafe mu kai tsaye. A 1884 Jamusawa suka kafa tutarsu a gabar tekun Togo. Shekara guda bayan haka suka kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga, kuma Hausawa suna cikin waɗanda suka fara ɗauka. Da wannan runduna, da taimakon mahayan Paratawo, suka yi arewa suka kafa bariki a Mango da Sokode a ƙarshen shekarun 1890. Hular sojan jar dara ce, tambarin da yake yi wa aiki kuma gaggafar daular Jamus.

Jamusawa ba su ne suka fara wannan dabara ba. Tun 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara wasu mutanen arewa a Ikko, wato Legas, ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Daga wannan ƙaramin tsiro sojan Najeriya yake ƙirga shekarunsa, kuma daga cikinsu aka ɗebi waɗanda suka kafa rundunar Gwalkwas, ƙasar da ta zama Ghana. A 1897 aka ɗora wa wani hafsan Ingila mai suna Lugga aikin haɗa babbar rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma. Bajenta bishiyar kwakwar manja ce. Su ma jar dara suke sawa ranar fareti.

Faransawa kuwa tun 1857 Gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira 'yan bindigar Senegal, ko da yake daga baya akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa a cikinta. Su ma jar hula. Alamarsu ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, domin asalin sojojin mulkin mallakar Faransa na ma'aikatar jiragen ruwa ne. Saurayin da aka ɗauka daga Damagaram, wanda bai taɓa ganin teku ba, da ƙugiyar jirgi a wuyan rigarsa ya yi aikinsa.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da sunan Hausa a bariki. A wancan zamani duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, Bature Bahaushe yake kiransa, ko Bagurunshe ne ko Bazabarme ko Babarbare. Hausa ce harshen da ake ba da umarni da shi a rundunonin Najeriya da Gwalkwas har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, hafsoshin Ingila ma sai sun koye ta. Shi ya sa da rundunar Gwalkwas ta tashi zaɓen kirari, ba ta ɗauko na Turanci ko na Latin ba. Kalmomi biyu ta zaɓa: Kullum Shiri. Sojojin ƙasa na Ghana sun gaje shi bayan samun 'yanci a 1957.

Ku rubuta shi a allo, ku karanta da ƙarfi. Bakano zai ce kullum a shirye, ko kullum cikin shiri. Wannan Hausar bariki ce, irin wadda ta yar da kayan ado ta riƙe abin da ake bukata, 'yar uwar Hausar da muke ji a zangon Kumasi da Lome da Didawure a Sokode. Ba abin kunya ba ce. Harshe ne da ya haɗa mutanen da ba su da wani harshe na tarayya, ya kai su har Asiya ya dawo da su.

A watan Agusta 1914 waɗannan huluna uku suka haɗu a ƙasar nan. Jamusawa suna da babbar tashar wayar iska a Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Balin da jiragensu na teku da sauran ƙasashen da suka mallaka. Sojojin Ingila suka shigo daga Gwalkwas, na Faransa suka shigo daga Dahome da kuma arewa ta Mango. Harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a duk Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo aka harba shi, kuma mai harbin sojan Gwalkwas ne mai suna Alhaji Grunshi. An gwabza a kogin Kra ran 22 ga wata, Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ran 26. A shekarar ne ma aka zana wa Togo ta Jamus tambarinta, bishiyar kwakwa da macizai biyu a ƙarƙashin gaggafa, yaƙi ya zo ba a kai ga amfani da shi ba.

Abin da ke sosa mini rai a wannan labari shi ne, a ɓangarorin nan akwai mutanen da in da a tashar mota suka haɗu, da Hausa za su gaisa, su tambayi juna gajiya da iyali. Abin da ya raba su ɗan ƙarfen da ke goshin hula. Kuma ba zan ɓoye muku ba, rundunar nan mai bajen kwakwa ita ce ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris. Masu jin Hausa ne suka ɗauki bindiga suka fuskanci tutocin da muka ambata ɗazu. Mai karanta tambari dole ya karanta har da wannan shafi. Jarumtar mutanen gaskiya ce, kuma aikin da aka sa su ba namu ba ne.

Akwai al'adar soja ta rubuta sunayen wuraren da runduna ta yi yaƙi a jikin tutarta, ko a sa wa bariki sunan. Wanda ya je Tamale zai tarar da Barikin Kamina. Sunan ƙauyen Togo ne ya ƙetara iyaka ya zauna can.

Gizo da gammo

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama, Ingila ta haɗa manyan runduna biyu daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a 1943, ta tura su ƙasar Bama su yaƙi Japan. Ana kiransu runduna ta 81 da ta 82. Ina so mu daɗe a kan bajensu, domin ban san wasu da suka fi su magana da mu ba.

Ta 81 baƙin gizo-gizo ta sa a kan rawaya. Kwamandanta, Janar Woolner, ya ɗauko shi ne daga Ananse na tatsuniyoyin Asante, ɗan ƙaramin halitta da ke kayar da manya da dabara. Sojan da ya fito daga Katsina ko Zariya ba ya bukatar a yi masa bayani. Gizo ne, mijin Ƙoƙi, wanda ya sha jin labarinsa a bakin kakarsa da dare. Rundunar ta yi aikinta a kwarin Kaladan, cikin duwatsu da kurmi inda mota ba ta shiga, jiragen sama ke jefo mata abinci da harsashi. Wurin dabara ne, kuma alamar ta dace da shi.

Ta 82 kuwa masu biyu ta gicciya, ta ɗora su a kan gammo. Gammo dai da kuka sani, wanda uwayenmu ke naɗawa su ɗora tulu ko kwandon doya ran kasuwar Kambole. Dalili shi ne, a cikin waɗannan runduna akwai dubban sojoji da aikinsu ɗaukar kaya a ka: akwatunan harsashi, sassan igwa, magunguna, masu rauni. Da wuyansu aka ratsa inda alfadari ma ke gazawa. A duniyar tambura da ta cika da zaki da gaggafa da takobi, an sami wata runduna da ta ɗaga kayan aikin ɗan dako ta ce wannan ne darajarmu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a ka yana da rabo a wannan baje.

Rundunonin biyu sun haɗu suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa za ku ji sunayen yaƙin Bama a barikoki: Barikin Myohaung da na Arakan a Legas, Barikin Chindit a Zariya, Barikin Kaladan a Tamale, da Burma Camp a Akra. Sunayen da ke yi wa harshe nauyi, amma kowanne akwai kabarin wani ɗan uwanmu a bayansa.

Daga anini zuwa anini

Tambarin sojan Najeriya na yau yana da gaggafa a sama, wasu na cewa mikiya, da tauraro mai tsini shida a ƙasanta, da rubutun Larabci mai ma'anar cewa nasara daga Allah take. Bayanin da aka fi yi shi ne an ɗauko kalmomin daga tutocin jihadin Sakkwato. An sha muhawara a Najeriya kan ko ya dace rubutun ya zauna, har an kai maganar kotu. Tauraron kuwa, wanda malamanmu ke kira hatimin Sulaimanu, shi ne alamar Najeriya a zamanin Turawa tun 1914. Lugga ya ce ya gan shi ne a murfin wata butar tagulla da sojoji suka kwaso lokacin da aka ci Kwantagora. Shi ne kuma aka buga a jikin tsofaffin kuɗin nan masu huda a tsakiya, kobo da anini.

Anini shi ne mafi ƙanƙanta, goma ke yin kobo ɗaya. Yau kuɗin ya ɓace, amma kalmar ta hau kafaɗar hafsa, ta zama sunan tauraron muƙami.

A nan ne masu fatauci ya kamata su buɗe kunne, domin tsari biyu ne a yankinmu. A tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila, igiya ɗaya a hannu laskofur ne, biyu kofur, uku saje. Anini ɗaya ko biyu a kafaɗa laftanan ne, ƙaramin hafsa, uku kyaftin. Daga manjo sai gaggafa ta shigo. A tsarin Faransa, wanda Togo da Benin da Nijar da Burkina Faso suke bi, hafsa miƙaƙƙun layuka yake sawa: ɗaya ko biyu laftanan, uku kyaftin, huɗu kumandan, biyar kanar. Tauraro sai janar. Saboda haka mai anini biyu a Kano saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga makarantar hafsoshi ba, mai taurari biyu a Lome ko Yamai kuwa janar ne da ke da dubban mutane a ƙarƙashinsa. Kama da wane ba ta wane.

Hular ma tana magana. Masu bin tsarin Ingila a hagu suke maƙala baje, masu bin na Faransa a dama. A Togo jama'a sun san masu jar hula da cewa 'yan laima ne, waɗanda ake sakowa daga jirgin sama, barikinsu na Kara. Masu koriyar hula kuma masu tsaron shugaban ƙasa. Jar hular 'yan laima daga sojojin Ingila ta samo asali a 1942, Faransawa suka ɗauka, ta iso mana. Jandarmomin Faransa gurneti mai harshen wuta ne alamarsu, kuma ƙasashe da yawa da suka gaji tsarin sun riƙe shi. In kun ga shuɗiyar hula mai taswirar duniya da reshen zaitun biyu, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, wadda aka fara sawa a 1956. 'Ya'yan Togo sun sa ta a Mali, a aikin da aka yi daga 2013 zuwa 2023.

Akwai alama guda da ba ta yaƙi ba ce ko kaɗan: jan gicciye a kan fari, wanda aka amince da shi a Geneva a 1864, da ɗan uwansa jan jinjirin wata da aka tabbatar a 1929. Mota ko tanti ko mutumin da ke ɗauke da ita na jinya ne. Haramun ne a harbe shi, haramun ne kuma a fake da ita a ɗauki makami.

A kan hanyar Dapaong

'Yan uwanmu na yankin Savanes sun san dalilin da ya sa shingaye suka yi yawa. Tun 2018 gwamnati ta girke sojoji a iyakar Burkina Faso da sunan aikin Kunjuware. A daren 10 zuwa 11 ga Mayu 2022 aka kai hari Kpekpakandi, sojoji 8 suka rasu, a watan Yuni aka sa dokar ta-ɓaci a yankin. Samarin da ke tsaye a rana a waɗannan shingaye 'ya'yan wasu ne kamar namu, kuma suna cikin haɗari na gaske.

A irin wannan hali ne maganar tutar Shehu take dawowa. Mai bindiga da ke ɗauke da tutar ƙasa a hannun riga, da bajen bataliyarsa, da muƙaminsa a fili, yana gaya maka cewa da izini ya fito kuma yana da na gaba da shi. In ya kyautata maka ka san wanda za ka gode wa, in ya cuce ka ka san abin da za ka faɗa a inda ake kai kuka: launin hula, yawan igiya, wuri da lokaci. Baje nauyi ne a kan mai shi kafin ya zama ado. Mai bindigar da ba ya ɗauke da alamar kowa, shi ne abin tsoro.

Don haka ina roƙonku abu biyu. Ku hana yaranku sayen rigar soja ko hula ko baje a gwanjo don kwalliya. Sa kaki ko lambar girman da ba taka ba laifi ne a dokokin ƙasashenmu, kuma a wuri irin Savanes yana iya jawo abin da ya fi ɗauri. Na biyu, aikin da za a ba ku a ƙasa da ido da ƙwaƙwalwa ake yinsa. Kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoton soja ko shinge ko bariki.

Tambayoyi

1. Me ya sa zakokin tambarin Togo suka ba juna baya, kuma me suke riƙe da shi?
2. Wace runduna ce ke da kirarin Kullum Shiri? Yaya aka yi Hausa ta shiga bakinta?
3. Mutum biyu kowanne da taurari biyu a kafaɗa, ɗaya a Kano ɗaya a Lome. Wane ne babba?
4. Me gammo yake yi a bajen runduna ta 82?

Aikin gida

Ku je wurin dattijon da ya fi kowa shekaru a gidanku ko unguwarku, ku gaishe shi, ku tambaye shi ko a zuriyarku akwai wanda ya yi soja a zamanin Jamus ko Faransa ko Ingila. In akwai tsohon akwati da aka ajiye lambar girma ko baje ko takardar sallama, ku nemi izini ku duba, ku zana abin da kuka gani a littafinku, ku kwafi duk harafin da ke jiki ko da ba ku gane shi ba tukuna. Za mu karanta su tare a aji.

Sannan ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya zana tambarin sana'arsa: mahauta, masu ɗinki, masu sayar da goro, manoman doya da kaju, 'yan acaɓa. Launi kada ya wuce uku, a kiyaye dokar mai haske da mai duhu, kirari kuma kada ya wuce kalma uku, da Hausa. Ku zo da shi ranar darasi na gaba, za a kafa kowanne a bangon aji, sauran rukunoni su tsaya daga bakin ƙofa su faɗi na su wane ne.